Karatu Ta Wayar Hannu: Abin Da Allo Zai Koya Wa Masu Tsara Darasi Don Mutanen Sabon Badun

Duk baƙon da ya sauka Badun, babban birnin Jihar Oyo, ya tambayi inda zai sami 'yan'uwansa Hausawa, wurin da za a fara nuna masa shi ne Sabo. Unguwa ce da ke maƙwabtaka da Mokola, ba nisa da gadar saman da aka buɗe cikin shekarar 2013 da kuma filin wasa na Adamasingba. An kafa ta tun 1916, sa'ad da hukuma ta keɓe wa baƙi 'yan Arewa wuri nasu na kansu, 'yan shekaru kaɗan bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano. Goro da shanu su suka raya ta. A yau kuwa an fi saninta da 'yan canji da masu tsire da maɗinka, ga kuma masallatai da makarantun allo da na Islamiyya.

Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar cikin 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Ya tarar ana sayar da shanu wajen 75,000 kowace shekara a kasuwar Badun, galibinsu bashi, ba banki ba takardar lauya, sai dai mai gida ya tsaya tsakanin Bahaushen da ya kawo shanu da Bayaraben mahauci. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana da saurin samun labari, domin wanda bai san yadda kasuwa ta kwana a Kurmi ba, in ya ɗoro kaya daga Arewa sai ya tafka hasara. Tun daga watan Agusta na 2001, da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, wannan labari ya koma cikin aljihu. Ɗan canji da waya yake jin yadda Dala ta tashi, mai goro da ita yake sanin inda motarsa ta kwana.

To, tun da waya ta shiga ciniki haka, sai masana ilmi da kamfanoni suka ga ai za ta iya shiga karatu. An kuwa yi ta fito da manhajoji da darussa iri iri. Cikin watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da Asusun UNICEF suka ƙaddamar da wani dandalin karatu na kyauta mai suna Nigeria Learning Passport, wanda ke da darussa cikin Turanci da Hausa da Yarabanci da Ibo. Kafinsa kamfanin uLesson, wanda aka kafa a 2019, ya fara sayar da darussan sakandare a kan ɗan katin da ake sa wa waya. Amma zuba darasi cikin waya daban, mutum ya koya kuma daban. Mutane nawa ne suka sauko da manhaja da zumuɗi, suka buɗe ta kwana biyu, sa'an nan suka share ta don su sami wurin ajiye hotunan biki? Wanda abin ya fi shafa shi ne magidancin da ya girma bai shiga boko ba, wanda har gobe sai ya miƙa wa wani wayarsa ya karanta masa saƙon banki, watau ya buɗe wa baƙo asirin dukiyarsa. Haka nan matar aure da ke sana'a a cikin gida, da almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana son ya haɗa da lissafi da Turanci.

Badun ba baƙuwar wannan buri ba ce. A nan aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya ran 31 ga Oktoba, 1959, kuma Cif Obafemi Awolowo, Firimiyan Jihar Yamma, da sunan ilmantar da jama'a ya kawo shi. Kowace sabuwar na'ura da irin wannan alkawari take zuwa. Rediyo ya zo da shi, talabijin ya zo da shi, yanzu ga waya.

Tsohuwar dabara

Abin mamaki, wanda ke neman sanin yadda ake tsara karatu a kan ƙaramin abu mai shiga hannu ba sai ya tafi Turai ba. Ya leƙa kowane zaure a Sabo da asuba ya dubi allo. Faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, yaro na iya rataya shi ya tafi da shi ko'ina, ba ya kuma ɗaukar rubutu mai yawa. Saboda haka tun tuni malamai suka san ba a cika shi. Mai farawa babbaƙu ake rubuta masa, haruffa kaɗan ba wasali. In ya gane su a shiga farfaru. Daga nan sai ayoyi gwargwadon ƙarfin kansa, har ya kai inda zai ɗauki sumuni guda. Malam zai biya masa, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa da ƙarfi, kuma ba ya wanke allon nan sai ya dawo gaban malam ya karanta an saurara an gyara. Bayan an wanke ma ba a rabu da shi ba, domin akwai tilawa, wadda ke komo da karatun baya kada ya zube.

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon bincikensa cikin 1885, inda ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya haddace cikin sa'o'in farko da kwanakin farko yake gudu, sai fa in an riƙa komawa kansa ana ba da tazara. Masu ƙera manhajojin koyon harsuna na zamanin nan a kan wannan suka dogara. Alarammomi kuwa sun daɗe suna aiki da shi ba tare da sun taɓa jin sunan mutumin ba.

Kuskuren da masu tsara darasin waya suka fi yi shi ne su ɗauki littafin aji sukutum su cusa shi cikin gilashin da bai kai rabin allo ba, ko kuwa su ɗauki hoton malami yana jawabi na minti arba'in su ce ga darasi. Sun manta da inda mai karatun yake zaune. Ɗan canji a bakin titi yake, idonsa ɗaya na kan waya ɗaya na kan mai zuwa. Mai tsire sai yamma kasuwarsa ke ci, da hantsi yana yanka da jera nama. Matar gida tana tsakanin tukunya da goyo. Irin waɗannan ba su da sa'a guda a jere, amma suna da minti uku nan, minti biyar can. Darasin da zai zauna da su dole ya zama abu guda tak, wanda za a fara a gama kafin wani ya yi sallama, in kuma an katse shi a iya komawa daidai inda aka tsaya. Dole kuma ya ƙare da aiki, watau a ce wa mutum ya rubuta, ko ya lissafa, ko ya faɗa da bakinsa, don kallo kaɗai ba ya zama karatu.

Abin da aka gani a Nijar

Gwajin da ya fi kusa da halin Hausawa a Jamhuriyar Nijar aka yi shi cikin 2009 da 2010. Ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services tana gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci a jihohin Dosso da Damagaram, cikin Hausa da Zabarmanci. Sai wata masaniya daga Jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, da abokan aikinta suka ɗauki ƙauyuka 113 suka raba su kusan biyu. Duka an koya musu karatu da lissafi iri ɗaya, amma a rabi an ƙara da koya wa ɗalibai yadda ake sarrafa ƙaramar waya mai maɓalli: inda lambobi suke, inda haruffa suke, yadda ake kira da yadda ake rubuta gajeren saƙo. An ba kowane mutum biyar waya guda su riƙa karɓa-karɓa. Ba wata manhaja a cikinta, ba intanet.

Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan da aka koya wa waya sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma wata bakwai bayan an rufe aji ba su zubar da wannan fifiko ba, musamman a lissafi. Dalilin a fili yake. Wanda ya koyi baƙi a aji ya koma gida ba abin karantawa, kafin damina ta wuce ya manta. Wanda kuwa ke da waya, kullum yana da dalilin taɓa haruffa, ko don ya nemo sunan ɗansa da ya tafi ci-rani, ko don ya tambayi kuɗin gero a kasuwa, tun da saƙo ya fi kira araha. Wannan matsala ta mantuwa ita ce ta sa a zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zazzau, don sababbin masu karatu su sami abin da za su riƙa wasa ƙwaƙwalwa da shi.

Abin lura a nan shi ne ba a sallami malami an ce waya ta maye gurbinsa ba. Hasali ma da masanan suka sake wani gwaji cikin 2014 a jihohin Maraɗi da Damagaram, malamin suka bi da wayar. Kowane mako sai a buga wa malamin aji da mai gari da ɗalibai biyu, a tambayi ko an yi karatu, kwana nawa, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa kowa ko dala ba, amma sakamakon ɗalibai ya tashi. Sanin cewa akwai mai tambaya ya isa ya gyara aiki.

Ƙasar Botswana ta ƙara tabbatar da haka lokacin annobar korona a 2020, sa'ad da aka rufe makarantu kamar yadda aka rufe na Nijeriya cikin watan Maris na shekarar. An ɗauki gidaje wajen 4,500. Wasu aka riƙa aika musu da tambayoyin lissafi ta gajeren saƙo kowane mako, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kamar minti ashirin, inda malami zai bi tambayoyin tare da yaro da mahaifinsa. A ƙarshe saƙo shi kaɗai bai bar wani tasiri na a zo a gani ba. Saƙo da kira kuwa sun rage yawan yaran da ba su iya kowane irin lissafi ba da kashi 31 cikin ɗari. Watau dai allo ne da biyawa. In an rubuta wa yaro allo aka bar shi ba mai sauraronsa, sai ya yi ta rera kuskure har ya zauna masa.

Da wane harshe, da wane baƙi?

A nan ne Sabo ta bambanta da Kano ko Katsina. Yaron da aka haifa a unguwar da Hausa yake tashi a gida, Larabci yake karantawa a allo, Yarabanci yake ji da zarar ya tsallaka titi, makarantar boko kuma da Turanci za ta jarraba shi. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya rinjaya a wurin da yake zaune, a Badun kuwa kowa ya san wanda ya rinjaya. Ba nisa da nan, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji tun daga 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, aka kuma tarar ba su kasa takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Ɗan Bahaushe a Kurmi bai cika samun irin wannan gata a aji ba, domin da wuya a ajiye masa malamin Hausa shi kaɗai. Waya kuwa ba ruwanta da iyakar jiha. Darasin da aka shirya a Zariya yana iya isa Mokola cikin ƙiftawar ido.

Sai dai shirya shi da Hausa yana da nasa ƙalubale, wanda ba kowa ya lura da shi ba. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar haruffa 160 ne in an rubuta shi da baƙaƙen Turanci zalla. Da zarar an sa harafi guda mai lanƙwasa, ko ɓ ko ɗ ko ƙ, sai na'urar ta koma wani tsari wanda ke ɗaukar 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninku. Shi ya sa masu aikawa da yawa ke zubar da lanƙwasar. Ga wanda ya ƙware ba komai, zai gane daga zancen. Ga mai koyo kuwa ɓarna ce babba, domin an nuna masa kafa da ƙafa abu ɗaya ne, haka baki da baƙi, haka kasa da ƙasa. Mai tsara darasin farko gara ya biya kuɗin saƙo biyu da ya koya wa mutum abin da sai an sha wuya za a kankare.

Akwai kuma ajami. Dattawa da yawa da ake lissafawa cikin marasa ilmi a takardun hukuma suna karanta Alƙur'ani, suna kuma rubuta bashin da suke bi da ajami. Darasin da ya ɗauke su tamkar ba su taɓa riƙe alƙalami ba ya raina su, su kuwa ba su jure raini. Wanda ya san ba da ta da jim, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye masa harafin da ya sani kusa da na boko, ya ƙetara daga wannan zuwa wancan. Manyan wayoyin yanzu duk suna rubuta baƙaƙen Larabci, saboda haka babu wani uzuri.

Ga wanda bai san ko ɗaya ba, murya ita ce ƙofa. Tun da WhatsApp ya fito da saƙon murya cikin 2013, mutanen da ba su taɓa rubuta kalma ba suka shiga harkar aika saƙo, kuma ta nan tafsiri da wa'azi da karatun littattafan fiƙihu ke yawo daga waya zuwa waya. Malaman zaure, ba tare da wani ya tsara musu ba, sun riga masana gano cewa almajiri na iya karanto darasinsa cikin waya ya aiko, malam ya saurara bayan sallar lisha ya mayar masa da gyara. Wannan ya fi amfani ƙwarai ga matan da ba su fita, waɗanda tun zamanin Cohen aka san su da sana'a daga cikin gida ta hannun yara. Amma a kula, a gidaje da yawa wayar ta mai gida ce, da ita yake fita, sai dare take dawowa. Darasin da ya ce lalle sai an halarta da ƙarfe goma na safe ya riga ya rufe wa irin wannan mata ƙofa.

Kuɗi da wuta

Batun aljihu ba a kauce masa. Cikin watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da saƙo da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Hoto mai motsi yana cin data ninkin-ba-ninkin abin da murya ke ci, yana kuma shanye batir a garin da caji kansa sau da yawa sai an biya. Darasin da ba ya buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi na 'ya'yan masu hali ne. Wanda ake iya saukowa sau ɗaya a ajiye, ko a tura wa maƙwabci daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura waƙa, shi zai zagaya unguwa.

Wajibi ne kuma a yi hattara da jingina karatu ga kamfani guda. Cikin 2013 hukumar UNESCO da kamfanin Nokia da British Council da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suka fito da wani shiri mai kyau, inda malaman firamare ke samun ɗan gajeren saƙo kowace rana a kan dabarun koyar da Turanci. Tsarin ya yi daidai da allo, kaɗan kaɗan kullum. Amma a kan manhajar Nokia aka gina shi, kamfanin kuwa ya sayar da sashen wayoyinsa ga Microsoft a 2014, manhajar ba ta daɗe ba ta bi ruwa.

Saura abin da za a koyar. Babban mutum ba ya zama ya yi ta karanta labarin Bala da Binta. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi zai riƙe shi: yadda zai bambance saƙon banki na gaskiya da na 'yan damfara, yadda zai karanta adadin kuɗi ya san inda sifiri ya ƙaru, yadda zai rubuta sunan mai karɓa ba kuskure, yadda zai gane ranar da magani ya lalace a jikin kwalba. Mai goro a ba shi lissafi da huhu da ƙwarya, maɗinki da yadi da inci, mai tsire da tsinke da kilo. Wanda ya yi darasi yau da safe ya ga amfaninsa kafin la'asar, gobe ba sai an tuna masa ba.

Irin waɗannan misalai ba wanda zai iya rubuta su daga ofis a Abuja ko Ikko. Sai an zauna da masu sana'ar, an ji kalmomin da suke amfani da su, an gwada darasin a kan wayar da ke hannunsu, mai fasasshen gilashi da cikakken memori, ba a kan sabuwar wayar mai tsarawa ba. Kayan aikin kuwa duk suna kusa. Jami'ar Badun, wadda aka kafa a 1948, tana da tsohon sashen ilmin manya wanda ya ci lambar yabo ta UNESCO a 1989, kuma tsakaninta da Mokola tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Sabo kuma tana da Sarki da masu unguwa da limamai da malaman Islamiyya maza da mata, waɗanda jama'a suka riga suka yarda da su. Daga cikin waɗannan malamai ne za a sami masu biyawa da sauraro, kowane da ɗalibai gwargwadon waɗanda zai iya kira cikin mako, a kuma yanka musu alawus da kuɗin kati tun a cikin kasafin shirin, kafin a kashe ko kwabo a kan manhaja.